Hannun Gwaggo

Akwai wani mutum da nake yi wa kajinsa rigakafi, wanda ba ya iya jera magana uku bai gaya maka shi mai tausayi ba ne. Mutanen layinsu suka laƙaba masa Mai Tausayi, shi kuma ya ɗauka yabo ne, yana amsawa da fara'a har da ɗaga hannu. Ni ma da sunan zan kira shi, domin na ga tausayin nasa da idona, na kuma shaƙi warinsa.

Ɗakin kajinsa a bayan gida yake. Duk bayan sati uku babban ɗansa, wanda direba ne, yakan sauke masa kwalayen 'yan tsaki daga kamfanin ƙyanƙyasa. Mai Tausayi ba ya sayen zaɓaɓɓu. Ragowar da aka ware gefe yake kwasowa saboda araha, don haka kowane kwali ba ya rasa masu aibi. Wani bakinsa a karkace, na sama bai hau na ƙasa ba, ba zai taɓa tsintar abinci ba. Wani wuyansa a murɗe, yana kallon sama. Wani cibiyarsa a buɗe, hanji na leƙowa.

Ranar da na fara aiki a gidan na ji kuka siriri daga bayan ɗakin kajin. Na zagaya na tarar da wani tsohon bokitin fenti, an rufe shi da guntun katako. Da na ɗaga, tsaki tara ne a ciki, huɗu sun mutu, biyar suna tattaka su, tururuwa ta riga ta shiga idon guda tun yana numfashi.

Na ce, "Maigida, waɗannan fa?"

Ya ce, "Marasa lafiya ne, Likita. Na ware su."

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

Na gaya masa waɗannan ba masu tashi ba ne, kuma adalcin da ya rage a yi musu shi ne a ɗauke ransu nan take, a daƙiƙa guda, maimakon kwana uku na yunwa da ƙishi. Ya ja da baya ya dafe ƙirji.

"Ni? Ai ko sauro ba na iya kashewa. Zuciyata ba ta ɗauka. Na bar su da Mahaliccinsu."

Ya koma falo ya ƙara sautin rediyo, saboda kukan yana shigowa ta taga.

Wata dattijuwa ce ke sharar garin katako a ƙofar ɗakin kajin, ta ji duk abin da muka ce. Yayar Mai Tausayi ce, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. Kowa a gidan, Gwaggo yake ce mata. Ita ta goyi direban nan tun yana tsumma, ita ke kwasar kashin kaji, ita ke hura gawayin ɗumama tsaki. Ta jingine tsintsiya ta matso.

"'Yata, nuna mini yadda ake yi. Kwana uku ke nan ina jin su a kunnena."

Ni na koya mata, kuma har yau abin yana cina. Na nuna mata yadda za ta riƙe tsako a tafin hannu har ya ji ɗumi ya natsu, inda za ta sa babban yatsa a bayan kai, da motsi ɗaya tak da ba a maimaitawa. Na nuna mata kuma waɗanda ba a taɓawa. Mai ƙafafu a wargaje, a ɗaure masa su da filasta, kwana huɗu ya miƙe. Wanda tafiya ta galabaitar, a ɗiga masa ruwan sukari da sirinji a gefen baki, ɗigo ɗaya, a jira ya haɗiye, sannan a ƙara. Ta gama biyar ɗin, ta haƙa rami a gindin katanga ta binne su, ta wanke bokitin ta kife.

Mai Tausayi ya ji daɗi ƙwarai. Kuka ya ɗauke, asara ta ragu, domin Gwaggo tana tayar da tsakin da a da bokiti ke cinyewa. Duk ranar da kwalaye suka sauka sai ka ji shi daga falo: "Yaya, ga aikinki nan ya iso." Ba ya leƙowa sai an binne an share.

Matarsa ce ta fara. Ina ɗiga maganin ido wata rana na ji ta a tsakar gida tana gaya wa maƙwabciya, da muryar da aka yi don a ji: "Ni dai ban taɓa ganin mace mai taurin zuciya irin wannan ba. Ta murɗe wuya ta zo ta zauna ta ci abinci. Da ma wadda ba ta san zafin haihuwa ba, me zai dame ta?"

Gwaggo tana tsugune tana ɗaure wa wani tsako ƙafa. Ba ta ɗago ba.

Sati na gaba aka ware mata kofi da kwano. Na bayansa aka ce ta daina shiga kicin, wai yara suna ƙyanƙyamin girkinta. Babu yaro a gidan da ya kai ya yi ƙyanƙyami, matar gidan ce kawai ke magana da bakin yaran da babu. Da na yi wa Mai Tausayi magana sai ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda duniya ta dame shi.

"Likita, sha'anin mata ne. In na sa baki zan ɓata wa wata rai, ni kuma ba na son ɓata ran kowa."

Abu ɗaya ya riƙe Gwaggo a tsaye a watannin nan. Matar direban, wadda har lokacin Amarya ake ce mata, tana da ciki na fari. Gwaggo ta sayi zaren ulu mai launin ruwan ƙwai tana saƙa hula da kwarashi, a kan wani benci kusa da ɗakin kaji. Idonta ya yi rauni, sai ta saƙa ta warware, ta sake saƙawa. Kullum na zo sai ta ɗora hular a dunƙulen hannunta ta nuna mini.

"Kin ga ta yi girma? Uban da ƙaton kai aka haife shi. Ni dai Allah ya nuna mini ranar da zan rungumi ɗan nan, in ji ɗuminsa a ƙirjina. Ba na neman komai bayan wannan."

Amarya yarinya ce mai shiru, tana son Gwaggo, takan kawo mata shayi ta zauna gefen bencin. Ranar da uwar mijinta ta ga Gwaggo ta ɗora hannu a cikin Amarya tana jin motsin ɗa, sai da ta watsar da wankin da ke hannunta.

"Ɗauke hannun nan. Da safe ya kashe rai shida, yanzu kuma a kan jikana?"

Gwaggo ta janye hannun ta ɓoye shi cikin mayafi. A ranar aka kwashe kayanta daga ɗakin cikin gida aka kai ɗakin ajiyar abincin kaji, wai don ta fi kusa da aikinta. Katifarta tsakanin buhuna take, ɓeraye na bi ta kanta. Ta sami ƙanenta a ƙofar falo, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana rarrafe.

"Auta, kai ka ce in riƙa yi. In abin ƙazanta ne, ka ce in bari."

"A'a Yaya, kada ki bari. Wa zai yi? Ki dai yi haƙuri da su, kin san ke babba ce."

Da ya faɗi haka ya shige ciki, ransa fes, ya yi sulhu.

Amarya ta haihu ranar wata Talata, a gida, mace. Leɓenta na sama a tsage yake har cikin hanci, ganɗarta ma a tsage. Wannan abu ne da ake ɗinkewa a asibiti, yara da yawa sun girma sun yi aure da ɗan tabo kawai. Amma kafin a gama wanke jaririyar matar gidan ta riga ta gano mai laifi. Ta fito tsakar gida tana nuna ɗakin buhuna.

"Na faɗa ba a ji ba. Alhakin tsakin nan ne. Masu karkataccen baki take kashewa, ga shi an biya mu da irinsa. Hannunta ta ɗora a cikin nan, da idona na gani."

Babu wanda ya tambayi wa ke sayo masu karkataccen bakin, ko wa ke kiran a zo a yi aikin. Direban da Gwaggo ta goya yana tsaye, kansa a ƙasa, yana juya makullin mota a yatsa. Daga baya ya ce yana da lodi, ya fita, bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

Gwaggo ta zo ƙofar ɗakin mai jego da hularta a hannu. Aka karɓi hular da yatsu biyu, aka rufe ƙofar.

Daga ranar ta daina taɓa tsaki mai aibi. Da kwalaye suka sauka ranar Alhamis, Mai Tausayi ya kira daga falo, ta ce hannunta yana ciwo. Shi da kansa ya juyo bokitin fenti, ya zuba su ciki, ya ɗora katako.

Na zo ranar Asabar. A tsakar gidan nan kuka biyu na ji, ɗaya daga bayan ɗakin kaji, ɗaya daga ɗakin Amarya, kuma na ɗakin ya fi rauni. Na shiga ba tare da neman izini ba. Jaririyar ba ta iya kama nono, in ta ja sai iska, abin da ya shiga kuma ya fito ta hanci. Kwana huɗu ke nan. Fatar cikinta ta yi yaushi, maɗigar kanta ta faɗa. An ja labule, duk wanda ya zo barka a ce masa tana barci. Amarya tana zaune rigarta jiƙe da nono, idanunta sun kumbura.

Na sami Mai Tausayi na ce a kai yarinyar asibiti yau.

Ya ce, "Likita, ke ta kaji ce. A fita da ita a haka, duk gari a gani? Uwarta za ta ji kunya. Sannan su yi ta soka mata allura, ɗan mitsitsin abu. Ni ba zan iya kallo ba. Mu bar wa Allah, in mai rayuwa ce za ta rayu."

Maganar da ya yi a kan bokiti ce, bai ko sauya mata riga ba. Na ce zan dawo Litinin da mota, ko ya yarda ko bai yarda ba. Na yi kuskure da na ba shi kwana biyu, kuma da ba don Gwaggo ba da ban tarar da jaririyar da rai ba.

Amarya ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Da hantsi uwar mijinta ta tafi kasuwa, Mai Tausayi yana ƙofar gida wajen abokan hirarsa. Sai Amarya ta naɗe 'yar a tawul ta zagaya ɗakin buhuna.

"Gwaggo, za ta mutu. Ki yi mini wani abu."

Gwaggo ta ɓoye hannuwanta a baya. "An ce kada in taɓa ta."

"Ni na haife ta, ni na ce ki taɓa."

Gwaggo ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sau biyu. Ta ɗauko sabon sirinji cikin ledarsa daga waɗanda nake bar mata, ta tafasa kofi, ta sa Amarya ta tatsa a ciki. Ta zauna a kan buhu ta ɗora jaririyar a ƙirjinta a zaune, ba a kwance ba, ta ɗiga a gefen baki, ɗigo ɗaya, ta jira ta haɗiye, ta ƙara. Sun fi awa ɗaya a haka. Amarya ta ce hawaye ne ke ta sauka ta haɓar Gwaggo, tana kawar da kai kada ya ɗiga a fuskar yarinyar. A karon farko tun haihuwarta jaririyar ta yi barcin ƙoshi.

Sau biyar suka yi haka a kwana biyu, duk lokacin da ido ya kauce. A na shida, ranar Litinin, ina shigowa gidan ke nan, matar gidan ta zo ɗiban dusa ta same su. Gwaggo ta tallafo ƙeyar yarinyar da hannun hagu, babban yatsanta a bayan ɗan kunnen.

Ihun da matar nan ta yi sai da kaji suka watse. Ta fizge jaririyar tana kiran mijinta.

"Zo ka gani. Ta ga mai aibi ce, za ta yi mata abin da ta saba. Ga yatsan nan a wuyanta."

Amarya ta durƙusa. "Mama, nono take ba ta. Ni na kawo ta. Ga sirinjin, ki duba."

"Rufe mini baki. Sirinjin kaji a bakin jikata?"

Na ce sabo ne, ni na kawo shi, kuma shi ya sa yarinyar ke da ƙarfin kukan da take yi yanzu. Ko kallona ba ta yi ba. Maƙwabta sun cika ƙofa. Mai Tausayi ya iso yana gyara hula, ya dubi matarsa, ya dubi jama'a, ya auna inda iska ta fi ƙarfi. Ya san yayarsa sarai. Ita ta yi masa wanka, ita ta goya masa ɗa. Kalma ɗaya ta ishe shi.

Ya ce, "Yaya, ni ban ce kin yi niyyar wani abu ba. Amma hankalin gidan nan ba zai kwanta ba. Ki je wajen 'yar kawu ki huta kwana biyu, har ƙura ta lafa."

Gwaggo ta kalle shi. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta kare kanta ba. Ta ninke zannuwanta uku ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Auta, a ba ni ita in riƙe sau ɗaya, a gabanku, kowa yana kallo. Sai in tafi."

Ya juya baya. "Yaya, kada ki sa ni kuka. Kin san zuciyata ba ta ɗaukar irin wannan."

Ya shige falo, muka ji rediyo ya tashi.

Na sa Amarya da jaririyar a mota, ban tambayi kowa ba. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba yarinyar ta tambayi wa ya yi dabarar ɗiga mata nono a zaune, domin shi ya riƙe ta. Suka kwantar da ita kwana shida, suka ba da kwalbar shayarwa ta musamman, suka sa ranar ɗinki in ta yi ƙwari. Yanzu in ka je gidan, matar gidan ce ke ba baƙi labarin yadda ta yi ta fama da ɗigo ɗaya ɗaya har jikarta ta tashi. Mai Tausayi kuma yana gaya wa abokan hirarsa cewa shi ya matsa a tafi asibiti, don ba ya iya ganin yaro yana wahala. Kwana biyun Gwaggo sun zama wata huɗu, an cika ɗakinta da buhuna har rufi.

Zuwana na ƙarshe gidan, kwalaye sun sauka da kwana biyu. Mai Tausayi ya tare ni da murmushi.

"Likita, kukan nan na bayan ɗaki yana hana ni sakewa. Ko za ki koya wa Amarya abin nan da kika koya wa Yaya? Yarinya ce, hannunta da ƙarfi."

Na ce ya miƙo nasa hannun in koya masa, minti biyu ya isa. Ya dubi tafinsa mai laushi, ya sa shi a aljihu, ya ce ai na san halinsa. Na ce na sani, ya nemi wani mai rigakafin daga yau.

Amma ban iya fita na bar su ba. Na zagaya na ɗaga katakon. Bakwai ne, uku da rai. A ƙasan bokitin, cikin kashi da tururuwa, ga hular ulu mai launin ruwan ƙwai. Nan aka jefa ta bayan an karɓe ta da yatsu biyu, ko wanke bokitin ba a sake yi ba. Tsaki biyu masu karkataccen baki sun cusa kansu cikinta suna neman ɗumi. Na yi musu abin da ya kamata, na binne su a gindin katanga kusa da na Gwaggo. Hular ta riga ta ruɓe, ina ɗagawa zaren ya rabu a hannuna, sai na binne ta tare da su.

Da yamma wayata ta yi ƙara, lambar 'yar kawunsu ce. Muryar Gwaggo ta ƙara tsufa. Ta tambayi nauyin yarinyar, ta tambaya ko ana zaunar da ita in za a ba ta nono, ta tambaya ko ta fara murmushi da bakin nata. Na amsa mata duka.

"'Yata, hular fa? Ta yi mata daidai, ko ta yi girma?"

Na ce, "Ta yi daidai, Gwaggo."

Ta ce, "To madalla. Da ma na ce kan ubanta za ta ɗauko."